Mindodin kakana na soja: ta ina zan fara neman tarihin aikinsa?

Bakabe, Argungu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar malamai da dattawa a kan wani al'amari na gidanmu da ya daɗe yana raina. Kakana, wato mahaifin mahaifina, ya yi aikin soja a zamanin Turawa, kuma ya rasu jim kaɗan bayan yaƙin basasa, tun ba a haife ni ba. Abin da ya rage daga kayansa yana cikin wata adakar ƙarfe a ɗakin goggonmu, wadda ita ce kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, kuma shekaru sun ja mata sosai.

A cikin adakar akwai mindodi huɗu. Uku suna da siffar tauraro mai kusurwa shida: ɗaya an rubuta mata sunan Afirka, ɗaya sunan Burma, ɗaya kuma 1939 da 1945. Ta huɗun zagayayya ce kamar tsohuwar dala, da kan sarkin Ingila a fuska ɗaya, da zaki a ɗaya fuskar. Babu sunan kowa a jikinsu. Akwai hotonsa guda yana tsaye da jar dara da gajeren wando, akwai kuma ɗan littafin sallama wanda gara ta cinye fiye da rabinsa. Abin da ake iya karantawa a ciki shi ne sunansa na yanka haɗe da sunan garinmu, sai haruffan NA da wasu lambobi waɗanda biyun ƙarshe sun goge.

Gardamar da ake yi a gidanmu ita ce, 'ya'yan uwargidansa sun taso da labarin cewa Habasha ya je, ɓangaren amaryarsa kuma suna cewa Burma, har wani baffanmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce ɗaya daga cikin taurarin ba ta kaka ba ce, ta ƙanensa ce wanda ya bi shi aikin soja daga baya bai dawo ba. Wannan ƙanen nasa ba a taɓa samun tabbacin inda ya rasu ba, sai dai bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu aka aiko wa uban ƙasa da saƙo, aka yi zaman makoki.

Tambayoyina uku ne. Shin mutum ɗaya zai iya samun mindar Afirka da ta Burma duka? A ina ake ajiye takardun sojojin wancan zamani, a nan gida ko a Ingila? Sannan akwai hanyar da za a bi a gano makwancin wanda bai dawo ba? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Malamin Tarihi, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam. Malam Bakabe, amsar tambayarka ta farko ita ce eh, kuma haɗuwar waɗannan taurari biyu a adaka ɗaya ita ce hujja mafi ƙarfi da kake da ita a halin yanzu, domin tana rage maka wuraren nema ƙwarai da gaske.

A tsakiyar 1940 aka ɗauki birged ɗaya ta sojojin Najeriya, wadda ta ƙunshi bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3, aka kai ta Kenya ta jirgin ruwa domin yaƙar Italiya. Su ne suka shiga Mogadishu a ƙarshen Fabrairun 1941, suka nausa arewa har Harar ta ƙasar Habasha a cikin Maris, kuma Adis Ababa ta faɗi a farkon Afrilu. Kafin ƙarshen wannan shekarar an dawo da su gida. Duk wanda ya yi wannan yaƙi ya cancanci tauraron Afirka. Bayan haka, a 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Yammacin Afirka, ta 81 da ta 82, domin yaƙar Japan. Ta 81 ce ta fara isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan da ke Burma a farkon 1944, kuma cikin bataliyoyinta da suka yi wannan faɗa ta 4 ce ta Najeriya, sauran na Gana da Saliyo da Gambiya ne. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 an cire su daga cikinta aka haɗa su da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke ta jiragen sama a bayan layin Japanawa. Runduna ta 82 kuwa ta isa Indiya a 1944, ta shiga yankin Arakan na Burma a ƙarshen shekarar, kuma a cikinta ne bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 suka sake fitowa, tare da ta 5 da ta 9 da ta 10. Rundunonin biyu sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945, daga nan ta 82 ta ci gaba kudu ta Tamandu da Dalet da An har Taungup. Idan waɗannan sunaye sun yi maka kama da sunayen barikoki, to ba kuskure ka ji ba: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan da Tamandu a Legas, Letmauk a Ibadan, duk daga can aka ɗauko su.

Saboda haka, sojan da ya riƙe tauraron Afirka da na Burma, mafi rinjayen zato shi ne yana cikin bataliya ta 1 ko ta 2 ko ta 3, ko kuma cikin 'yan igwa da injiniyoyi da masu jinya da ke tafiya tare da su. Ta wannan lissafi, ɓangarorin gidanku biyu duk gaskiya suka faɗa, kowanne ya riƙe rabin labarin da ya ji. Na ce mafi rinjayen zato ne domin bayan dawowa daga Habasha an rarraba tsofaffin hannu cikin sababbin bataliyoyi su horar da kurata, don haka akwai waɗanda suka je Habasha da bataliya ɗaya suka je Burma da wata.

Rashin suna a jikin mindodin ba abin damuwa ba ne, domin na Yaƙin Duniya na Biyu haka aka raba mafi yawansu. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ake buga wa suna da lambar soja a gefe, kamar waɗanda aka bai wa mutanen da suka yi yaƙin Kamaru, suka ci Garwa a 1915 da Mora a 1916. Maganar baffanku kuma ba ta da ƙarfi a wurina. Idan ƙanen ya shiga aikin ne bayan an soma yaƙi, da wuya ya riski Habasha, kuma kakanka da ya dawo da rai bayan an gama yaƙin Japan ba ya buƙatar aron tauraron Burma daga wurin kowa.

Hoton jar dara ba zai gaya maka inda ya yi yaƙi ba, domin wannan kayan fareti ne na bariki. A dajin Burma koren kaki suka sa da hula mai faɗin baki. Amma ka sake bincika adakar da kyau ko za ka ga wani ɗan ƙyalle da ake ɗinkawa a hannun riga. Alamar runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, ta 82 kuma mashi biyu ne a gicciye a cikin gammo. Idan ka sami ɗayansu, gardama ta ƙare.

Tsohon Samanja, Zuru

Salamu alaikum. Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan rundunoni, ni kuma zan yi magana a kan takarda, domin na yi shekaru ina hulɗa da ita kafin in ajiye kaki. Ɗana, ka riƙe wannan da kyau: a aikin soja lamba ake nema, ba suna ba. A wancan zamani akawun da ke ɗaukar kurata yakan rubuta sunan yanka ne ya haɗa da sunan gari ko na ƙabila, shi ya sa a bataliya ɗaya za ka sami mutum da yawa masu suna iri ɗaya, wannan Garba Argungu, wancan ma Garba Argungu. Wani kuma ba garinsa na haihuwa aka rubuta masa ba, garin da aka ɗauke shi aka rubuta. A ƙasarmu ta Zuru, inda kusan kowane gida yana da wanda ya sa kaki, akwai mutane da yawa da suka shiga da sunan da ba shi ake kiransu da shi a gida ba, wasu don sauƙin bakin Bature, wasu don sun gudo ne ba da sanin iyaye ba. Don haka waɗannan lambobi biyu da suka goge sun fi duk sauran abin da ke cikin adakar daraja. Kada ka bi su da biro, kada ka shafa musu ruwa, kada kuma ka kai littafin a manne shi da leda mai zafi. Ka ɗauke shi hoto da rana a inuwa, sannan ka haska shi da tocila daga gefe, domin sau da yawa tawada takan goge amma sawun alƙalami yana nan a jikin takarda. Ka duba kuma ko lambar tana wani wuri: bayan hoton, cikin murfin adaka, jikin cokali ko kwanon cin abinci, ko tsohuwar takardar fansho.

Game da inda takardu suke, kada ka fara da Ingila. Fayil ɗin kowane ƙaramin soja ɗan ƙasa a nan aka bar shi, rundunar sojan Najeriya ce ta gada, kuma ofishinta na adana bayanan sojoji yana Lokoja, a barikin Chari Maigumeri. Shi kansa Chari Maigumeri samanja ne da ya yi yaƙin duniya duka biyu. Hukumar fanshon soja kuma tana Abuja. Amma ba na ba ka shawarar ka ɗauki jaka ka nufi ƙofar bariki kai tsaye. Ka fara zuwa ofishin ƙungiyar mazan jiya na jiha a Birnin Kebbi, ka gabatar da kanka, ka nuna hoton littafin, ka nemi su rubuta maka takardar gabatarwa. Ka haɗa da takarda daga uban ƙasarku da ke shaida cewa kai jikansa ne, sannan ka rubuta buƙatarka a taƙaice, ka faɗi a fili cewa tarihi kake nema ba kuɗi ba. Wannan jimla ta ƙarshe tana sauƙaƙa abubuwa fiye da yadda kake zato. Kuma ka shirya zuciyarka, domin takardar da ta haura shekara tamanin ana iya samunta, ana iya rasa ta.

Akwai abu ɗaya da nake so in ƙara a kan maganar Malam, ba don in musa masa ba. Ba duk wanda ya je Burma ne ya riƙe bindiga a sahun gaba ba. Rundunonin nan biyu sun tafi da dubban sojoji waɗanda aikinsu ɗaukar kaya a ka, harsashi da abinci da sassan igwa da waɗanda aka ji wa rauni, ta duwatsun da mota ko alfadari ba sa iya bi, kuma gammon da ke jikin alamar runduna ta 82 saboda su aka sa shi. Na ga iyalai da suka ji kunya da bincike ya nuna kakansu yana cikin waɗannan, har suka daina neman sauran labarin. Ni a ganina wannan rashin fahimta ne, domin soja ne cikakke mai lamba da albashi da minda, kuma harsashin Japan bai tambayi aikin kowa ba. Kakanka da alama tsohon hannu ne, amma ƙanensa da ya shiga daga baya yana iya kasancewa cikinsu, don haka idan za ka nemi sunansa kada ka tsaya a bataliyoyi kawai.

'Yar Kaura, Gusau

Assalamu alaikum. Baba Samanja, Allah ya ƙara girma. Ni ma na bi irin wannan hanya a kan kakan mahaifiyata, kuma ina so in ja hankalin ɗan'uwa Bakabe ga abin da ya ambata a wuce, wato goggonsa. Lokoja da Kaduna da Landan za su jira ka, amma ita ba ta da wannan tabbacin, mu ma ba mu da shi. Ka fara da ita a wannan makon.

Yadda ake tambayar tsohuwa yana da muhimmanci. Idan ka ce mata wace shekara ya tafi, za ta ce ba ta sani ba, maganar ta mutu. Amma idan ka tambaye ta wa ke goye lokacin da ya dawo, wa aka haifa ba ya nan, wane sarki ke kan gado, da damina ya iso ko da rani, a ƙafa ya shigo gari ko a mota, za ka ga labari yana fitowa da kansa. Ku mutanen Argungu kuna da ma'auni mai kyau, domin zuwan Sarkin Musulmi Hassan garinku a 1934 abu ne da kowane tsoho ya ji labarinsa, haka kuma naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1938. Idan ta ce ya shiga soja tsakanin waɗannan biyun, ka tabbatar tsohon hannu ne tun kafin yaƙi. Ka tambaye ta sunayen abokansa da ke zuwa gaisuwar salla, da laƙabin da suke kiransa da shi, da wuraren da yake ambata idan hira ta yi daɗi, ko da bakinta ya sauya sunan. Kakar mahaifiyata takan ce mijinta ya yi ta maganar Bambai da Kalkata da wani wuri mai kama da Ranci, kuma wannan na ƙarshen ne ya nuna mana runduna ta 82, domin a yankin Ranchi aka yi musu horo kafin su shiga Burma. Ka naɗi muryarta a waya da izininta, kuma ka tafi da wata mace daga cikin gida, domin akwai abin da ba za ta faɗa a gaban ɗan ɗan'uwanta namiji ba, musamman abin da ya shafi auren da ya mutu saboda doguwar tafiya.

Game da Kaduna, ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa tana kan titin Yakubu Gowon, kuma ya kamata ka san irin abin da za ka tarar. Ba fayil ɗin kowane soja suke ajiyewa ba, takardun mulki ne: rahoton Razdan na shekara-shekara, wasiƙun Di'o, da fayil-fayil a kan ɗaukar soja da kan sama wa waɗanda suka dawo aiki. Takardun Lardin Sakkwato, wanda ya haɗa Argungu da Gwandu da ƙasar Zamfara ta yau, suna ƙarƙashin alamar SOKPROF, na babban ofishin Arewa kuma SNP. Mutanen Zuru su tuna cewa sun daɗe a ƙarƙashin Lardin Neja, don haka su duba cikin MINPROF ma. Samun sunan mutum ɗaya a irin waɗannan takardu sai an dace, amma suna nuna yadda aka riƙa neman kurata ta hannun sarakuna da iyayen ƙasa, da yadda aka riƙa kai su tashar jirgin ƙasa ta Gusau ko Kaura Namoda zuwa Zariya, inda ake horon kurata har gobe. A Gidan Arewa kuma ka nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939 kuma ta riƙa kawo labarin yaƙin da Hausa. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, wadda ta fi maka kusa.

Wani abu da mutane ke mantawa shi ne rayuwar sojan bayan ya dawo. Da yawa daga cikinsu En'e ta ɗauke su aikin ɗan doka ko gandiroba ko masinja, kuma a takardar ɗaukar wannan aiki akan rubuta tsohuwar lambar soja da muƙamin da mutum ya fita da shi. Mu a irin wannan takarda muka sami cikakkiyar lambar kakanmu, ba a littafin sallama ba. Idan kakanka ya yi aikin En'e, ka tambayi masarauta inda tsofaffin takardun ma'aikata suke.

Ɗan Yawuri, mazaunin Ingila

Salam. Zan amsa tambaya ta uku, sannan in faɗi abin da ake samu a nan, domin in rage wa ɗan'uwa tsammanin da bai kamata ba.

Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC, tana da rumbun sunaye a intanet wanda kowa zai iya bincikawa kyauta daga wayarsa. Ana iya nema da suna, ko da lambar soja, ko da sunan runduna. Shawarata ita ce ka sa sunan garinku a gurbin sunan mahaifi, tunda haka aka rubuta yawancinsu, kuma ka gwada rubutu iri-iri, domin akawun Bature yakan rubuta Amadu ko Ahmadu, Mamman ko Momo, Birnin Kebbi ko Kebbi kawai. Kowane suna yana zuwa da lamba da muƙami da bataliya da ranar rasuwa da wurin da aka binne shi ko aka rubuta sunansa. Wanda ya rasu a Burma ba a ga gawarsa ba, sunansa yana kan ginin tunawa na Rangoon da ke cikin maƙabartar Taukkyan, wanda ke ɗauke da sunaye kusan 27,000. Waɗanda aka fara binnewa a Akyab an kwaso su zuwa wannan maƙabarta bayan yaƙi. Waɗanda suka rasu a asibiti ko a sansanin horo kuma ana samunsu a Chittagong da Maynamati da ke Bangaladash ta yau, da Ranchi da Kirkee a Indiya. Ka lura cewa cuta, musamman zazzaɓin cizon sauro da atuni, ta kwantar da mutane da yawa a wannan yaƙi, don haka kada ka yi mamaki idan ranar rasuwarsa ba ta dace da wani sanannen faɗa ba. Ga masu neman kakannin da suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya kuwa lamarin ya fi wuya, domin hukumar da kanta ta fitar da rahoto a 2021 inda ta amsa cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a wancan yaƙi ba a rubuta sunayensu ba.

A ma'adanar takardun Ingila da ke unguwar Kew a Landan, kamar yadda Baba Samanja ya faɗa, ba a nan fayil ɗin kakanka yake ba. Abin da ke nan shi ne littafin da kowace bataliya take rubutawa kullum a lokacin yaƙi: inda ta kwana, inda ta nufa, nawa aka kashe, nawa aka ji wa rauni. Na Burma suna cikin jerin WO 172, na Gabashin Afirka cikin WO 169, na zaman Yammacin Afirka kuma cikin WO 173. Hafsoshin Turawa ne suka rubuta su, kuma sunan Bature ya fi yawa a ciki. Farabiti ɗan ƙasa ba ya cika fitowa sai idan an kashe shi, ko ya yi wata bajinta, ko ya yi laifi. Amfaninsu shi ne idan ka san bataliya da ranar rasuwar ƙanen kakanka, za ka iya karanta abin da ya faru a wannan rana da wurin da ya faru. Jerin WO 373 kuma ya ƙunshi takardun neman a ba soja lambar bajinta, ana nemansa da suna a intanet, kuma akwai 'yan Najeriya a ciki. Shiga ɗakin karatu kyauta ne kuma ana barin mutum ya ɗauki hoto, don haka idan ka kai ga sanin bataliya, ka sanar da ni in duba maka.

Bakabe, Argungu

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na zauna da goggo tare da ƙanwata kamar yadda 'yar'uwa daga Gusau ta ba da shawara. Ta ce mahaifinta ya tafi soja damina biyu bayan zuwan Sarkin Musulmi Hassan, ya zo hutu sau ɗaya a tsakiyar yaƙi, kuma a wannan zuwan ne ƙanensa ya bi shi. Bayan ya dawo gaba ɗaya ya yi aikin ɗan doka, ana kiransa Saje har ya rasu. A ƙasan adakar, cikin wata tsohuwar jakar fata ta layu, mun sami ƙyallen da Malam ya kwatanta, mashi biyu a cikin gammo. Tocilar Baba Samanja ta fito da lamba ɗaya cikin biyun da suka goge, saura ta ƙarshe. A rumbun sunayen kuma na ga mutum uku masu sunan ƙanen kaka da sunan garinmu, biyu sun rasu a 1944, ɗaya a 1945. Ta yaya zan gane wanne ne namu?

Malamin Tarihi, Birnin Kebbi

Madalla, Malam Bakabe. Shiga aiki a wajen 1936, da hutu bayan Habasha, da alamar runduna ta 82, duk sun tafi a layi ɗaya, kuma tunda lamba ɗaya ce ta rage, yiwuwar goma ce kawai, wadda ma'aikacin ajiyar bayanai zai iya tacewa da suna. Ka rubuta lambar a takardarka da gurbin ƙarshe a buɗe, kada ka cike shi da zato.

Game da mutum ukun, kada ka zaɓi ɗaya don zuciyarka ta kwanta da shi. Idan ƙanen ya bi yayansa ne a hutun da ya biyo bayan Habasha, to ya shiga aiki a ƙarshen 1941 ko cikin 1942, kuma lambarsa za ta fi ta kakanka girma da tazara mai yawa. Duk wanda lambarsa ta yi kusa da ta kakanka ko ta gaza ta, ka ajiye shi gefe. Sannan ka koma wurin goggo ka tambaye ta lokacin da saƙon rasuwar ya iso da abin da kaka ya riƙa faɗa a kai, musamman ko yana kusa lokacin da abin ya faru ko kuwa shi ma a gida ya ji. Idan kaka yana kusa, mutumin 1945 ya fi dacewa, domin runduna ta 82 ba ta shiga faɗa ba sai a Disambar 1944. Idan kuma a gida ya ji, ka duba bataliyoyin mutum biyun 1944, ko cikinsu akwai ɗan ta 4 ko ta 6 ko ta 7 ko ta 12. A wasu shafukan hukumar ana rubuta sunan uba ko na mata da garinsu a ƙarƙashin sunan mamaci, don haka ka buɗe shafin kowannensu ka karanta har ƙasa, sannan ka aika wa ɗan'uwanmu na Yawuri bataliya da ranar rasuwar duka ukun, ya duba littattafan kwanakin.